Kwalba Shida, Kauri Ɗaya

— Na ce miki ban taɓa ba.

— To wa ya buɗe marafan, Gwaggo? Aljani?

— Buɗewa taɓawa ce? Wa ya taɓa ruhe kuɓewa? Ke da karatunki duka ba ki san in an ruhe ta yauƙin tsinkewa yake ba?

— Ba miya ba ce!

— To mi ce ce? Hwaɗa mini, mi ce ce?

Ta ja labule ta fita. Fat, fat, fat... takalmin fushi ke nan, diddige na riga yatsu sauka. Na iya shi. Na sha yin tafiyar nan a ɗakin kwananmu na jami'a a Maraɗi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya na gyaran kallabi, har sai da ƙawata Zulai ta faɗo daga kan gado don dariya. "Yi mana Gwaggo Mero, Hamdiya, don Allah yi mana Gwaggonki." To ga Gwaggo Mero nan ta gaske, a tsakar gidanta na Agiye, tana buga murfin tukunya don in ji. Na ji.

Uku da minti goma.

Biyar ya ce. Mushe Faruku, malamin da ke duba aikina na ƙarshen karatu. "Madamazal Hamdiya" — ɗan tari — "ranar Alhamis ƙarfe biyar nake kai sunaye buro. Wanda ban ga awonsa ba" — tari biyu — "sai baɗi." Baɗi. Ya faɗe ta kamar mai cewa anjima. Shekara guda cif in zauna a ɗakin nan ina kallon hoton su Zulai da baƙar riga, kowa ya kare aikinsa gaban malamai ya wuce, ni ina... Yau Alhamis? Ko dai Laraba ce? Alhamis ce, Hamdiya, daina.

Abin haushin, aikin ba wani mai wuya ba. Tambaya ɗaya tak: in ka ƙara gari cikin ruwa, kaurin nawa yake ƙaruwa? Duk macen da ke garin nan ta san amsar a hannunta. Ni an ce in kawo ta da lamba.

Wata uku ina labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ina tatsar yauƙin kuɓewa. Yanka, jiƙa, tace, sake tacewa, a zuba alkol ya dunƙule, a shanya, a niƙa. Rabin buhu ya koma ɗan farin gari da bai cika murfin kwalbar man shafawa ba. Zaruruwa ne, in ji Mushe, dogaye, ido ba ya ganinsu. In kaɗan ne a cikin ruwa kowa yawonsa yake yi, in sun yi yawa sai su sarƙe da juna kamar amalanke da babura a ƙofar tasha ranar kasuwa, ruwan ya rasa ta inda zai bi. Sai injin auna kauri na labo ya mutu, saura sati biyu. Mushe ya buɗe durowa ya miƙo mini bututun gilashin nan mai lanƙwasa, nannaɗe cikin auduga, da hannu biyu, kamar mai ba da jariri. "Da irin wannan aka koya mana. Tafi gida, ki sami ɗaki mai sanyi, ki auna."

Ɗaki mai sanyi. A Agiye. Cikin Afrilu.

Kwalba shida. Ta ɗaya garam ɗaya a lita, ta biyu garam biyu, haka har shida. Na rubuta lamba jikin kowace da jan bik. Garin duka ya shige, har takardar na kaɗe sau uku. Babu saura. Ko abin da tururuwa za ta ɗauka.

Ka zuba a bututu, ka tsotso da roba har ruwan ya wuce zanen sama, ka saki, ka danna agogon salula, ka sa ido, ya sauko, ya sauko, ya taɓa zanen ƙasa, ka danna. Shi ke nan. Bututun na tsaye cikin bokitin ruwan randa, ma'aunin zafi na nuna talatin, in ya hau in ƙara na randa. Kowace kwalba sau uku. Jiya ruwa zalla ya yi sakan ashirin. Ta ɗaya, talatin da ɗaya. Ta biyu, arba'in da shida. Na yi rawa a ɗakin nan ni kaɗai. Sauran huɗun akwai gudaji-gudaji, garin bai gama narkewa ba, na ce su kwana, gobe in gama in tura in sha fura.

Yau ta uku, saba'in da huɗu. Na ce to, ta ɗan yi tsalle, amma to.

Ta huɗu, saba'in da huɗu.

Ta biyar... saba'in da huɗu da ɗigo biyu.

Bari in sake ta shida. Wataƙila ni ce. Wataƙila yatsana ne. Zuba... a hankali, kada kumfa ya shiga... tsotso... saki... danna. Sauko mana. A'a, kada ka sauko, tsaya, yi nawa, yi kasala, kai ne mai garam shida, ya kamata in gaji da jiranka, in yi hamma, in kori ƙuda, in dawo in iske ka a tsakiya. Ɗari da hamsin ko fiye. Sittin... sittin da biyar... don girman Allah... saba'in...

Saba'in da huɗu.

Zafi ne? Talatin. Talatin cif. Bututun ya toshe? Na ɗauraye shi, na gwada ruwa zalla: ashirin, kamar jiya. Salular ce ta haukace wurin mai caji? Agogo ba ya haukacewa ya tsaya kan lamba ɗaya. To murfi? Murfi a buɗe awa uku, ruwa kaɗan zai tashi, sai su ƙara kauri duka, kowace a matsayinta. Murfi ba zai sa ta shida ta rame ba. Kuma ta ɗaya — ta ɗayan da na auna jiya da idona, talatin da ɗaya, ga ta nan rubuce a kaye, littafin awona — ɗazu na sake ta. Saba'in da huɗu. Wa ya ciyar da ita cikin dare ɗaya?

Ba dare ba ne ma. Da safe lafiya lau na bar su. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun jiya, salula ta mutu, na tafi bakin tasha caji. Minti arba'in ya isa. Awa uku na yi. Don me? Don masu tuyar ƙosai sun ce in yi musu direban Gazawa. "Gazawa mutum ɗaya! Mutum ɗaya ya rage, Hajiya shigo!" alhali motar ba kowa sai kaza. Na yi musu shi, na yi musu jandarman shinge mai duba takarda a kife, na yi musu mai labarun rediyo, wata har ta ƙona ƙosai. Awa uku, Hamdiya. Kina tsakiyar titi kina "mutum ɗaya", kwalabenki na nan hannun...

Uku da rabi.

"Tarin na biyu ya fi haka gajarta. Sake."

Shekara ta biyu. Ina gaban allo da alli a hannu, gilashin Zulai a ƙarshen hancina, ina tura shi da ɗan yatsan tsakiya. Aji na mutuwa da dariya. Sai dariyar ta tsinke, ɗif, kamar an rufe famfo. Ban waiwaya ba, na sani. Yana bakin ƙofa da jakarsa. Na ce yau sai Agiye. Sai ya ce in sake. Gaban mutum ɗari da wani abu na sake tarin Mushe Faruku, shi yana gyara mini. Ya ce yauwa, je ki zauna. Bai ƙara ko kalma ba, shekara biyu. Da aka zo rabon ɗalibai, malamai na ture sunana kamar barkono a tuwon yaro — wa zai ɗauki mai mayar da shi abin dariya? — shi ya ɗauka. A buronsa ya ce, "Mai kunne irin naki tana jin bambancin da wasu ba sa ji. Aikin awo ke nan. Muryata kuwa na ba ki, ki yi ta yi. Amma ranar da kika kwaikwayi lamba, mun rabu." Babu tari a wannan. Shi ya sa ban taɓa yi wa kowa ita ba.

Me ya kawo wannan yanzu? Wa ya ce zan...? Ba wanda ya ce.

Dubi kwalaben. Dube su da kyau, ke mai kunne, yau ki yi ido. Jere suke bakin taga, ɗaya, biyu, uku... ni ba haka nake jera su ba, ni lambar nake juyowa waje. Kuma ta ɗaya da ta biyu na ɗiba jiya, sau uku-uku, ya kamata su yi ƙasa. Durƙusa. Sa ido daidai bakin ruwan.

Layi ɗaya.

Shida duka. Kamar an ja zare. Ko ɗigo babu wadda ta fi wata.

Na san layin nan...

Kwano shida a ƙasa, bakin murhu. Ina shekara bakwai, kwana uku da kawo ni daga Sae Sabuwa, Innata ta rasu, ɗan ƙullin kayana ko kwancewa ban yi ba. 'Ya'yan Gwaggo biyar, ni ta shida. Miyar kuɓewa ce, ta saman tukunya tsululu, ta gindi mai kauri, kowa ya san haka, kowa ya san kwanon ƙarshe ne ke morewa ko na farko ke cutuwa. Gwaggo ta zuba, ta durƙusa, ta sa ido daidai bakin kwanonin, ta yi tsaki. Ta juye su duka cikin babbar roba. Ta sa maburgi, fir, fir, fir. Ta sake rabawa ludayi-ludayi, ɗaya nan, ɗaya nan, tana zagayawa. Maƙwabciya na leƙe ta katanga. "Mero, wahalar mi kike ba kanki?" "Ba a gidana ba. Ba a gidana za a ce na marainiya ne ruwa-ruwa." Kullum. Shekara goma sha biyu, kullum, kunu, miya, fura, har ruwan lemun salla. Tuwo ya huce muna jira Gwaggo ta gama shari'a.

Jiya... wayyo, jiya. Na ɗaga ta ɗaya ga haske, na ɗaga ta shida, na sa hannu a ƙugu, na yi muryarta. Muryarta! "Haba, wannan zalunci har ina? Wagga ta kwashe kaurin duka, wagga baiwar Allah tsululu kamar wankin kwano!" Wasa nake, ni da kwalabena. Labule ya motsa. Na ga ya motsa. Na zaci iska ce.

— Gwaggo.

Daka take a tsakar gida. Taɓarya ta tsaya.

— Gwaggo, a roba kika juye su?

— Sabuwa ce. Sai da na wanke ta da omo.

— Duka shidan?

— Ke da bakinki kika ce an yi zalunci. Ina ji. Kin hita kin bar su haka, na ce ɗiyar nan aiki ya yi mata yawa.

Taɓarya ta ci gaba. Dum. Dum.

Kada ki yi kuka. Kuka na cin minti. Zauna... a'a, tashi, yi tunani. In an haɗa shida wuri ɗaya an raba, ai ba a zubar ba. Garin na nan ciki. Ɗaya da biyu da uku da huɗu da biyar da shida, ashirin da ɗaya, raba shida, uku da rabi. Uku da rabi! To ai lamba ce! Garam uku da rabi a lita, sakan saba'in da huɗu. Ina da ruwa zalla, ina da ɗaya, ina da biyu, ga uku da rabi. Daga ita ma in ƙara ruwa da awo in sauko uku, in sauko biyu da rabi, in sami maki shida, ƙanana dai, amma na gaske. Awa ɗaya da minti ashirin, zai yiwu, in na yi sauri. Gwaggo Mero, Allah ya ja kwana, ashe ba ki kashe ni ba, suma ce kawai. Sai dai na ɗiba daga ta ɗaya da ta biyu, to ba uku da rabi cif ba, amma na san abin da na ɗiba, a lissafa, a...

Mene ne wannan a gindin kwalbar? Ɗan tsaki-tsaki. Toka-toka. Garina fari ne.

Shinshina.

— Gwaggo... kanwa?

— 'Yar kaɗan. Yatsa ukku. Yauƙin bai kama ba, na ga yana tsinkewa a ludayi.

— Ruwa fa? Kin ƙara ruwa?

— Ɗauraya dai. In bar na jikin kwalba ya lalace?

Yatsa uku. In rubuta: kanwa, yatsa uku na Gwaggo Mero. Garam nawa ne yatsanta? Yatsan safe ko na rana? Ɗauraya, lita nawa ce ɗauraya? Ruwan randa kuma, ba tataccen da na ɗauko tun daga Maraɗi a jarka ina rungume da shi kamar ɗa ba. Kanwa ta ƙara kaurin ne ko ta rage, ban sani ba, ba wanda ya sani, zaruruwan na iya miƙewa, na iya dunƙulewa, na iya gutsurewa. Ga maburgi ma, fir, fir, fir, ya tsattsinka su. Saba'in da huɗu na mene ne? Na wani abu ne da ba shi da suna. Miya. Ta yi gaskiya tun farko. Miya ce.

Ana kiran la'asar.

Alwala. Ruwan buta na zuba a hannuna ina ƙirga masa sakan. Raka'a ta nawa nake? Ta biyu... ta uku... saba'in da huɗu... Astagfirullah. A sujada goshina na ƙasa, layin na tsaye cikin kaina, yana hawa, kyakkyawa, a hankali daga farko, sannan ya lanƙwasa ya miƙe sama. Na san shi. Na gan shi a takardu goma sha, na gan shi a aikin ƙaro na 'yan bara. Na san yadda yake tafiya kamar yadda na san tafiyar Gwaggo. Diddige kafin yatsu.

Huɗu da kwata.

Rubutawa kawai zan yi, in gani. Gani ba laifi ba ne. Bayan kaye, shafin ƙarshe.

Ashirin. Talatin da ɗaya. Arba'in da shida. Waɗannan nawa ne, halal. To ta uku... sittin da shida. Ta huɗu, casa'in da uku. Ta biyar, ɗari da ashirin da takwas. Ta shida, ɗari da saba'in da ɗaya. Sau uku-uku ake so. Ɗanyen maƙaryaci shi ke rubuta sittin da shida, sittin da shida, sittin da shida, sumul, a kama shi tun daga ƙofa. Murya ba a sumul take ba. Abin da ke sa a ce "wallahi shi ne" ɗan tarin nan ne, ɗan jan hancin nan. To a sa musu tari. Sittin da shida da ɗigo biyu. Sittin da biyar da ɗigo takwas. Sittin da shida da ɗigo biyar. Ta biyar ta ɗan kauce ƙasa da layi, kamar ranar an yi zafi. Ta shida ta warwatsu fiye da sauran, mai kauri haka take yi, yatsa na gajiya da jira...

Kai. Kai, Hamdiya.

Sun yi kyau. Sun fi na gaske kama da gaske. Ba zai gane ba. Wallahi ba zai gane ba, na fi shi sanin yadda lamba ke numfashi. Kuma ƙarya ce ma? Da Gwaggo ba ta shigo ba ai kusan haka za su fito. Kusan. Wata uku na yi, hannuna har yanzu warin alkol yake, ba zaune na yi ba, haƙƙina ne... Kusan haka. In kuma kuɓewar nan ta gonar Sae Sabuwa ba haka take ba fa? In a huɗu take tashi tsaye, ko a biyar ta kwanta? Abin da aka aike ni in gano ke nan. Ban gano ba. Wani zai zo baɗi ya buɗe aikina a laburare, ya ce Hamdiya ta auna, ya ɗora nasa a kai. Ya ɗora a kan tari.

To sai me? Wa ya mutu don yauƙin kuɓewa?

"Mun rabu."

Ba zai sani ba.

Ni fa? Ranar kare aiki, ina tsaye da baƙar riga, yana zaune yana tura gilashi da yatsan tsakiya, ya ce, "Madamazal, gaya wa malamai yadda ta shida ta yi miki." Zan ba da labari. Zan ba da shi da daɗi, har in yi musu yadda na yi hamma ina jira. Za su yi dariya. Shi ma zai yi. Wannan dariyar... a'a.

Huɗu da rabi da biyar.

Na ɗauki hoton shafin ƙarshe. Na ɗauki hoton shafin gaske, mai saba'in da huɗu reras kamar layin masu jiran famfo. Biyu suna nan a salula, gefe da gefe. Rezo, layin waya, sanda uku. Ko rezon ma yau ya ƙi ya taimake ni ya ɗauke.

Dum... dum... taɓaryar ta rage ƙarfi. Ta san ta yi wani abu, ba ta san mene ne ba. Ta ina za ta sani? Sati biyu ina gidan nan, na taɓa zaunar da ita na ce Gwaggo, kin ga wannan tsululun, da gangan ne? Bambancin shi ne aikin, in suka zama ɗaya ba ni da komai? Minti biyu ya isa. Ta tambaye ni ma, ranar da na zo: "Mi ake da su?" Na ce mata maganin tsufa nake haɗa mata. Na yi muryar mai tallar magani a mota, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tafi. Shekara huɗu ina ɗauke da ita a bakina daga ɗaki zuwa ɗaki a Maraɗi, kowa ya san tsakinta, kowa ya san "ba a gidana ba", ban taɓa gaya wa kowa inda kalmar ta fito ba. Ita kuma ban taɓa gaya mata abin da nake yi ba. Kwano na shida...

Labule. Ba ta shigo ba. Ƙafafunta kawai nake gani ta ƙasa, ba takalmi. Ta ajiye kwanon fura bakin ƙofa, ta tura shi ciki da yatsa. Ta zauna nan waje, jikin bango. Ina jin numfashinta.

Biyar saura kwata.

Rubutu ba zai yi ba. "Mushe, Gwaggona ta..." a rubuce kamar tatsuniya. Sai murya. Danna, riƙe, yi magana.

"Assalamu alaikum Mushe, ina fatan an wuni lafiya, dangane da batun awon..." Mai labarun rediyo ce wannan. Goge.

"Mushe, don Allah, don Annabi, ka taimaka..." Zulai ce, ranar da ta makara jarrabawa. Goge.

"Abin da ya faru shi ne" — tari — Inna lillahi. Shi nake yi masa. Goge, goge!

Ina tawa? Wacce ce tawa? Da wace murya nake magana in ba kowa, in ba wanda zai yi dariya? Na buɗe baki mutane na fitowa, direba, jandarma, Gwaggo, mai magani, duk an juye su roba ɗaya an sa maburgi... Wanda ya ɗiba ko'ina, saba'in da huɗu.

Biyar saura bakwai. Hoton shafin ƙarshe na nan. Dannawa ɗaya ce. Ɗaya. Baƙar riga, Gwaggo a mota zuwa Maraɗi da sabon zane, tana guɗa inda ba a guɗa...

Saura biyar.

Danna. Riƙe. Jan ɗigon na ƙiftawa.

"Mushe... ni ce. Hamdiya." Siririya, tana rawa, ban san ta ba. Ci gaba. "Maki uku gare ni. Ruwa, da ta ɗaya, da ta biyu. Sauran sun... an haɗa su. An sa kanwa. Laifina ne, ban faɗa a gida ba, na fita na daɗe. Garin ya ƙare. Na rubuta waɗansu lambobi a bayan kaye, sun yi kyau ƙwarai, ba na... ba su ne zan turo ba. Ban san abin da zan ce ba kuma. Ban san..." Yatsana na zufa kan gilashin. Sakan hamsin. Sittin. Har yanzu zan iya ja gefe in goge. Zan iya. Muryar ta ƙare, ba saura, sai ta fita da kanta ta wajen labule:

— Gwaggo, me zan ce masa?

Sittin da takwas. Saba'in.

— Ce mishi miya ta yi. Tuwo ya rage, shi ya zo da nashi.

Yatsan ya zame. Ya tafi. Alama ɗaya... biyu... sun yi shuɗi.

Biyar saura minti biyu. Ƙuda ya sauka bakin kwalba ta shida.